Ta ina zan fara da maganin gargajiya ga mahaifiyata?

Daga unguwar Birni, Damagaram:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana shan ƙwayar hawan jini shekara 3 ke nan, yanzu kuma maƙwabta sun ba ta shawarar ta riƙa shan soɓo da ganyen zogale kullum. Wa ya kamata in fara tuntuɓa kafin in amince?

Amsa daga Zango:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da likitan da ya rubuta mata ƙwayar, domin soɓo yana rage hawan jini, idan kuma ya haɗu da ƙwayar, jinin zai iya sauka fiye da kima har jiri ya kama ta. Kada Inna ta daina ƙwayarta don ta ji sauƙi.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:
Malam, ka tafi da ganyen kansa, ba sunansa kawai ba. Ƙullin garin da ake sayarwa a Kasuwar Dole sau da yawa haɗi ne, ba ka san abin da ke ciki ba. A fara da abu ɗaya, a riƙa awon jini, ana rubutawa.

Mai tambaya:
Na gode, Hajiya. Ranar Litinin zan kai ta.