Tambaya a kan Takeo Kanade: injiniya ne ko masanin kwamfuta?

Ɗalibin Lantarki:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a fannin injiniyan lantarki, kuma aikin kammala karatuna a kan kyamarar da ke bin abin da ke motsi ne. Duk inda na duba sai na ci karo da sunan Lucas-Kanade. Wane ne wannan Kanade? Kuma mai karatu irin nawa zai iya shiga harkar koya wa kwamfuta gani da ƙera mutum-mutumi, ko sai wanda ya karanci kwamfuta?

Malamar Lissafi:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ai ɗan gidanku ne. An haifi Takeo Kanade a Japan a 1945, kuma digirin digirgir ɗin da ya yi a Jami'ar Kyoto a 1974 na injiniyan lantarki ne. Bincikensa a kan yadda kwamfuta za ta gane fuskar mutum ne, ta auna wurin ido da hanci da baki, a zamanin da shigar da hoto ɗaya cikin kwamfuta ma aiki ne ja. A 1980 ya koma Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka.

Lucas-Kanade ɗin da ka gani hanya ce ta lissafa motsin abu daga hoto zuwa hoton da ke biye, shi da ɗalibinsa Bruce Lucas suka fitar a 1981, kuma ina koyar da shi da jin daɗi. Ɗigo ɗaya a hoto bai isa ya gaya maka inda ya nufa ba. Sai suka ce a ɗauki ɗan yanki kewaye da shi, a ƙaddara cewa maƙwabtansa tare suke tafiya, a haɗa lissafinsu duka a nemo motsin da ya fi dacewa da su. Shi ke nan. Har yau yana cikin OpenCV, wato tarin manhajojin da ake amfani da su wajen koya wa kwamfuta gani. Ka gwada shi a kan farin bango, za ka ga ya rikice. Ka nuna masa kusurwar taga, nan take zai kama. A ganina ka fahimci dalilin haka tukuna kafin ka taɓa wani injin.

Mai Gyaran Kyamara:
Malama, ni ta wajen ƙwallo na san shi. A wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka na Janairun 2001, tashar CBS ta yi amfani da fasaharsa ta EyeVision. Kyamarori kusan 30 a kewayen fili, duk suna juyawa tare a kan ɗan wasa ɗaya, a tsayar da hoto a zagaya shi.

Malamar Lissafi:
Haka ne. Akwai kuma mota. A 1995 wasu masu bincike biyu na cibiyar mutum-mutumi da Kanade yake shugabanta a lokacin, Dean Pomerleau da Todd Jochem, suka tafi daga Pittsburgh zuwa San Diego, kwamfuta na murza sitiyari a kusan kashi 98 cikin 100 na hanyar. Totur da birki kuwa a ƙafarsu suke, kada a ce mota ta tuƙa kanta gaba ɗaya. A 2016 aka ba Kanade lambar yabo ta Kyoto.

Ɗalibin Lantarki:
Na gode, Malama, Allah ya ƙara ilimi. Daren nan zan gwada bangon da tagar. Wane ɓangaren lissafi zan fara maimaitawa, matiris ko kalkulas?