Manhajoji uku, kowace da nata shuɗin

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a. Manhajoji uku muke kula da su a intanet, na kamfani ɗaya, amma kowace da irin shuɗinta. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan aro. Kalandar da muka ɗauko daga laburaren wasu ta zo da nata launi da nata salon rubutu. Na cika fayil ɗin CSS, wato dokokin da ke tsara kamannin shafi, da !important, umarnin da ke tilasta wa doka rinjayar sauran, har na gaji. Ya zan yi duka su zama kamanni ɗaya?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Goge !important ɗin nan tukuna, gobe kai zai hana sakat. Tara launukanka a fayil guda, su zama bariyabul na CSS, wato sunayen da ke riƙe da launi, a ƙarƙashin :root, tushen shafin gaba ɗaya, duka manhajojin su riƙa jawowa daga nan. Kuma ka raɗa musu suna da aikin da suke yi. Ka ce launin gargaɗi, kar ka ce ja. Ran da aka ce gargaɗi ya koma ruwan ɗorawa, layi ɗaya za ka taɓa.

Mai Zane: Gaskiyar Malam. Amma wane laburare ne? Yawancinsu sun bar ƙofa a buɗe. Material UI na da createTheme, Bootstrap kuwa tun fitowar 5.3 a 2023 ya kawo data-bs-theme don yanayin duhu. Ta nan za ka cusa launukanka, kar ka bi ajujuwansu na ciki, wato sunayen class da suka raɗa wa kayansu, sabuntawa ɗaya sai su sauya suna.

Sabon Shiga: Yaya, ita kalandar a cikin Shadow DOM take, wato an killace ta daga sauran shafin, dokokina ba sa ratsa ta.

Mai Zane: Dokoki ba sa shiga, amma bariyabul na shiga, gadonsu take yi daga sama. Duba takardun bayaninta ka ga sunayen da take saurara. In sun fitar da ::part, wato ƙofar da ke ba ka damar yi wa sassanta ado daga waje, shi ke nan.

Ɗan Kallo: A kula da tagogin da ke faɗowa a tsakiyar allo. Sau da yawa a gindin body, wato gangar jikin shafin, ake dasa su, to in a wani div, wato akwatin shafi, na ciki ka ajiye launukan, fari fat za su fito cikin yanayin duhu. Haka Chart.js, laburaren zana jadawali, a kan canvas, wato allon zane, yake zane, bai san bariyabul ba sai ka karanto masa da getComputedStyle.

Tsohon Hannu: Sannan ka jera kayan duka a Storybook, manhajar da ke nuna kowane kaya shi kaɗai, naka da na aro, ka riƙa dubawa kafin kowace sabuntawa.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Yaya, na duba yanzu, akwai ::part ɗin.