Waya ce ta kashe mujallun 'yan mata, ko dai sun riga ta mutuwa?

Malam Sani: Ana ta cewa wayar hannu ce ta kashe mujallun 'yan mata a Amurka da Ingila. Ku duba shekarun. Mujallun YM da J-17 sun rufe a 2004, Elle Girl da Teen People suka daina fitowa a takarda a 2006. iPhone sai 2007 ta fito. Yaya za a ɗora kisa a kan wanda ba a haifa ba?

Hajiya Binta: Malam, ai intanet ta girmi iPhone, shafin sada zumunta na MySpace tun 2003 yake. Amma ciwon ya daɗe a jikin sana'ar. Mai karatunka tana zuwa tana 'yar 12, kafin ta kai 17 ta koma Cosmopolitan, mujallar manyan mata. Duk shekara biyar ka yi sabon zubi ke nan. Kuɗin kuma ba daga aljihunta yake fitowa ba, masu tallan kayan kwalliya ne ke biya. Su suka juya wa mujallar Sassy baya a 1988, da ƙungiyoyin addini suka yi mata ca kan rubutun jima'i.

Maryam: Ni Hajiya, gani nake ba mutuwa suka yi ba, bin 'yan matan suka yi. A 2012 Julia Bluhm, 'yar shekara 14, ta tara sa hannu sama da 80,000 kan a rage gyaran hotuna, mujallar Seventeen ta yi alkawarin ba za ta sauya surar jiki ko fuska a hoto ba. Teen Vogue ta rungumi siyasa, rubutun Lauren Duca kan Trump a Disamban 2016 ya karaɗe duniya.

Hajiya Binta: Ya karaɗe wajen wa, 'yata? Manya ne suka fi yaɗa shi. Mai tallan jambaki ba ya son kayansa kusa da rigima. Shekara ba ta cika ba aka sanar da dakatar da buga Teen Vogue a takarda, a 2025 kuma aka cusa ta cikin shafin Vogue.

Malam Sani: To ga inda na ba waya gaskiya: shafin tambayoyin sirri, irin Dolly Doctor na mujallar Dolly a Ostareliya. Da, yarinya ta aika wasiƙa kan haila ko ƙurajen fuska, ta jira wata da watanni kafin amsa ta fito. Yau kafin ta ajiye waya TikTok ya amsa mata.

Maryam: Sai dai waccan amsar likita ke duba ta, Malam. Wannan fa, mai sayar da man shafawa ne.