Wai gidan Kanta na Argungu nan ne asalin fada?

Dan Bakin Gulbi:
Salam jama'a. Jiya na kai yara gidan tarihi na Kanta, karamin ya tambaye ni mi ya sa kaburburan sarakuna suke cikin gidan kallo, wallahi na rasa amsa. Ni haihuwar unguwarmu ta bakin gulbi ne, shekara arba'in ina wuce ginin nan amma sai jiya na tsaya na dubi kaurin katangar da kyau. Masana ku taimaka.

Bakabe:
Wa alaikumus salam. Ai nan ce fadar da kanta malam, shi ya sa tsofaffi har yau gidan Nabame suke ce mishi, don Sarki Yakubu Nabame. Sarakunan Kabi nan sunka zauna har 1942 da anka koma sabuwar fada, 1958 anka bude shi gidan tarihi da sunan Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular, shi kuwa Kanta a Surame, tsohon babban birnin Kabi, ya zauna. To sarki a gidanshi aka rufe shi, amsar yaronka kenan.

Diyar Masunta:
Yaya Bakabe ka yi bayani amma ni abin da ke ci min rai gidajen talakawa ne, su babu mai rubuta su. Gidan kakanmu zaure biyu gare shi, rufin azara, da rana tsaka ka shiga sanyi kamar cikin randa, ga homa (ragar kamun kifi) da gora rataye a bango, warin kifi ya kama kasar ginin har ba ya fita. Ambaliyar 2020 ta jika gindin katangar, damina ta zagayo zaure daya ya zube, baffanninmu sunka ce a sa bulo da kwano kawai a huta da yabe. Ban ga laifinsu ba, wa zai kwaba kasa duk shekara yanzu? Amma ranar da anka fidda azarar nan na yi kuka.

Bakabe:
Allah sarki kanwata. Kuma masuntan nan su ne garin, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ya taho anka yi mishi bikin kamun kifi, kakanninku ne ke fadawa gulbin Matan Fada da gorarsu.

Dan Bakin Gulbi:
Na gode kwarai. Diyar Masunta dayan zauren yana nan? In da hali in zo da yaran Asabar su gani.

Diyar Masunta:
Yana nan, ku taho da hantsi lokacin Baba na zaune kofa.