Gwajin aure ya nuna ina da ciwon hanta, biki saura wata uku: ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shekaruna 25, an sa ranar aurena saura wata uku. Makon jiya muka je gwajin da dokar Kano ta wajabta kafin aure. Jinina AA ne, babu HIV, amma a layin da aka rubuta HBsAg aka ce ina da shi, wai ciwon hanta nau'in B. Shi wanda zan aura, nasa gwajin bai nuna komai ba.

Tun ranar gidansu ya ɗauki zafi. Mahaifiyarsa ta ce a dakata da maganar lefe. Wata gwaggonsa kuma ta ce ai wannan cutar ta hanyar kwanciya ake ɗaukarta, a bincike ni. Wallahi tallahi ban taɓa sanin namiji ba, ba a taɓa yi min ƙarin jini ba, ban taɓa ciwon shawara ba, lafiyata ƙalau. A gidanmu ma har an ware min kofi da cokali. Abin da ya fi tsorata ni, kawuna ƙanin Mama ya rasu shekarun baya da kumburin ciki, a lokacin aka ce sammu ne.

An kawo wa Mama lambar wani mai maganin gargajiya da ya ce cikin wata uku zai wanke cutar tas. Ina na samo ta? Ana warkewa? In na yi auren zan sa masa, ko in sa wa 'ya'yana? In fara shan maganin mutumin ko in bari?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Share hawayenki ƙanwata. Ni ma a awon cikin fari aka gano ina da shi, yau 'ya'yana huɗu, babu wanda ya ɗauka, maigidan ma bai ɗauka ba. Rigakafi aka yi masa, su kuma yaran ana haihuwarsu a ranar ake yi musu allura. Batun ware kofi kuwa a daina, ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gumi ko musabaha. Reza, buroshin haƙori da abin yankan farce, waɗannan ne kada ki haɗa da kowa.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
'Yar'uwa, gwajin da aka yi miki na tsinke ne, abu ɗaya kawai yake faɗa: akwai ɓawon ƙwayar cutar a jininki. Bai faɗi yawanta ba, bai faɗi halin da hantarki take ciki ba. Mutum biyu za su zo da wannan sakamakon iri ɗaya, ɗaya yana buƙatar magani yau, ɗayan kuma sa ido kawai za a yi masa shekara da shekaru.

Ki je babban asibiti wurin likitan hanta. Za a sake tabbatar da HBsAg ɗin, a duba HBeAg wanda ke nuna ko ƙwayar tana hayayyafa sosai, a auna ALT wanda ke nuna ko hantar tana jin rauni, a yi HBV DNA wanda ke ƙirga yawan ƙwayar a jini, sannan hoton ciki. HBV DNA ɗin yana da ɗan tsada, amma kuɗin da za ku kai wa mai ganye gara ku sa a nan. Angon ma kada a tsaya a kan “ba shi da ita”. A duba masa anti-HBs wanda ke nuna ko yana da garkuwa, da anti-HBc wanda ke nuna ko ya taɓa haɗuwa da cutar. Muna yawan ganin mutanen da suka taɓa haɗuwa da cutar jikinsu ya kore ta ba su ma sani ba, irin waɗannan suna da garkuwa tun tuni.

Hajiya daga Gusau:
Ni dai kada ki raina na gargajiya. Maƙwabciyata ta sha na wata huɗu, ta koma gwaji aka ce ƙwayar ta ragu sosai. Asibiti za su ce miki sha har mutuwa. Ki gwada, Allah ne mai warkarwa.

Likita a zauren:
Hajiya, Allah ne mai warkarwa, babu ja. Amma yawan ƙwayar nan a jini yana hawa yana sauka da kansa ko mutum bai sha komai ba, don haka raguwar da maƙwabciyarki ta gani ba shaida ba ce. Kuma duk abin da aka haɗiya hanta ce ke tace shi. Mun sha karɓar mutanen da hantarsu ke zaune lafiya da cutar, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ya kawo su ido ya yi ɗorawa.

Ƙanwata mai tambaya, bari in fara da inda kika samo ta, don shi ne abin da ke ci miki rai, kuma amsarsa tana cikin yadda garkuwar jiki ke aiki.

Idan baligi ya ɗauki wannan ƙwayar, ta jini ko ta saduwa, sojojin jikinsa suna gane baƙuwa ce, su far mata. Wani zai yi zazzaɓi da shawara, wani ba zai ji komai ba, amma a cikin mutum 100 kusan 95 za su kore ta cikin wata shida, su samu garkuwa ta dindindin. Jariri kuwa akasin haka ne. Garkuwarsa ba ta yi ƙwarin da za ta tayar da yaƙi ba, sai ta bar ƙwayar ta zauna kamar 'yar gida. Jariran da suka ɗauka lokacin haihuwa, kusan 90 cikin 100 da ita za su girma. Yaran da suka ɗauka kafin shekara biyar ma kaso mai yawa haka suke. Shi ya sa idan muka ga matashi a ƙasar nan da cutar ta zauna masa, mafi rinjayen zato tun yana zanin goyo ya samo ta: daga uwa, ko askar wanzami da aka yi wa wani yaro aski ko cire beli da ita kafin shi, ko hujin kunne, ko allurar da aka maimaita, ko ƙuraje da raunukan da yara ke gogar juna da su wajen wasa. Nijeriya ta sa rigakafin wannan cutar cikin na yara ne a 2004, ke kuwa an haife ki kafin nan. Gwaggon angon ta san hanya ɗaya ce kawai ta yanke hukunci da ita, alhali ba ita ce ta fi yawa a wurinmu ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ita. In an yi wa danginsu gwaji kaf, da wuya a rasa wani.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba: ƙwayar da kanta ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta ba. Sojojin jiki ne ke kashe duk ƙwayar hantar da suka ga cutar ta shiga. Idan suka gama aikin lokaci guda, mutum ya warke. Idan kuwa yaƙin ya zama na ja-in-ja, ba su ci nasara ba kuma ba su haƙura ba, to shekara da shekaru hantar na jin rauni tana warkewa da tabo, har ta taurare ta ƙanƙance, wani kuma cutar kansa ta biyo baya. Duk wannan ba tare da ciwo ba, don hanta ba ta kuka sai abu ya yi nisa. Don haka “lafiyata ƙalau” ba ta isa ba, kuma yawan ƙwaya kaɗai ma bai isa ba, sai an haɗa da ALT da yanayin hantar. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a fara magani idan HBV DNA ya haura 2,000 tare da hawan ALT, ko an ga tabo a hanta, ko akwai tarihin kansar hanta ko taurarewarta a dangi. Saboda haka maganar kawunki ki faɗa wa likitanki da bakinki, kada ki jira a tambaye ki.

Maganin da muke bayarwa, tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya ce a rana. Yana danne cutar har a daina ganinta a jini, hanta ta huta, haɗarin cutar kansa ya ragu. Amma ba ya tumɓuke ta, domin tana ajiye kwafin kanta a can cikin tsakiyar ƙwayar hanta inda maganin ba ya kaiwa. Kada ki saya a kemis ki fara da kanki, kuma wanda ya fara kada ya tsaya kwatsam. Ana dainawa ƙwayar kan dawo da ƙarfi, garkuwar jiki ta afka wa hantar gaba ɗaya, wasu a nan suke rasa rai.

Wani ɗan'uwa:
Ni namiji ne, gaskiya zan faɗa miki. In har saurayin nan bai iya tsayawa gaban gwaggonsa ya kare mutuncinki yanzu ba, ki yi tunani. Cutar ba ita ce matsalar ba.

Maman 'yan biyu:
Malam a yi masa uzuri, tsoro ne, mu ma da farko haka muka shiga ruɗani. Ki sa ya raka ki wurin likita, ya ji da kunnensa. In da hali a tafi da wani babba daga gidansu, wanda mahaifiyarsa ke jin maganarsa. Ke in kika yi bayanin za a ce kare kanki kike.

Ɗalibar likitanci:
Bari in ɗan ƙara a kan maganar Likita game da rigakafin, don wasu suna ganin kamar lallashi ne. An daɗe da gwada shi a kan al'umma guda. A Taiwan, wani bincike da aka wallafa a 1981 ya bi maza sama da 22,000, ya nuna masu ɗauke da cutar sun fi sauran haɗarin kansar hanta nesa ba kusa ba. Ƙasar ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984. Kafin nan kusan yaro ɗaya cikin goma na ɗauke da ita, daga baya ya koma ƙasa da ɗaya cikin ɗari, kansar hanta a yara ma ta ragu. A nan Afirka ta Yamma an fara irin wannan aikin a Gambiya a 1986, kuma ya nuna rigakafin yana hana cutar zama a jikin yara.

Batun warkewa gaba ɗaya kuwa shi ake ta bincike a kai yanzu. An gano cewa a jikin wanda cutar ta daɗe, sojojin da ya kamata su yaƙe ta sun gaji, saboda ƙwayar tana cika jini da ɓawonta har su daina mayar da martani. Ana gwada magungunan da za su rage ɓawon da waɗanda za su farfaɗo da sojojin. Akwai kuma 'yan kaɗan, kamar mutum ɗaya cikin ɗari a shekara, da HBsAg ɗinsu ke ɓacewa da kansa. In aka dace irin wannan yana shan wani jiƙo a lokacin, shi ke nan mai jiƙo ya samu talla. Nau'in C ne ake warkarwa da magani na wata uku, masu tallar nan suna cakuɗa su da gangan ko da rashin sani.

Hajiya daga Gusau:
To ai shi ke nan, ni abin da na gani na faɗa. Allah Ya ba ta lafiya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Mama bayanin Likita, ta yi shiru, daga baya ta ce ita ma za ta je a gwada ta. Shi ma ya yarda zai raka ni ranar Litinin. Likita, saura abu biyu. An ce rigakafin wata shida yake ɗauka, biki kuwa wata uku, sai an ɗaga ke nan? Sannan akwai abincin da zan daina ci? Wata ta ce in bar mai da nama da gishiri.

Likita a zauren:
Madalla da Mama za ta je. Ku haɗa da duk waɗanda kuke ciki ɗaya, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Kuma in ta tabbata tana da ita kada a bar ta da zargin kai, lokacin da ta haife ku ba a yi wa masu ciki wannan gwajin a yawancin wurare.

Ba lallai a ɗaga biki ba. Tsarin da aka saba shi ne allura yau, wata bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Amma akwai na gaggawa: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata biyu, sannan ƙari idan shekara ta cika. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ukun a auna masa anti-HBs, in ya kai 10 ko fiye garkuwa ta samu. Kafin wannan sakamakon ya fito sai ku yi amfani da kororon roba. Ya fara makon nan, kada a jira a gama rigimar dangi.

Idan ciki ya samu ki faɗa musu tun awon farko. In HBV DNA ya kai 200,000 ko HBeAg ya nuna, za a sa ki a tenofovir a cikin watannin cikin don rage ƙwayar kafin haihuwa. Ki haihu a asibiti, a yi wa jaririn allurar farko cikin awa 24, ba sai bayan suna ba, sannan ya ci gaba da na sati 6, 10 da 14. In akwai allurar HBIG, mai ba jariri garkuwa nan take, a haɗa masa. Za ki shayar da shi nono yadda kowa ke yi.

Abinci kuwa, muddin hantarki ba ta taurare ba babu dalilin barin nama ko gishiri, ki dai kula kada ƙiba ta yi yawa don kitse ma yana taruwa a hanta. Abin da za ki guje wa shi ne gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ko suka daɗe a ajiye cikin danshi, da ƙuli-ƙuli ko tunkuzar da ba ki yarda da gyaɗarsu ba. Akwai dafin da fumfunar ke fitarwa wanda idan ya haɗu da wannan cutar yake ninka haɗarin kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Maganin ciwon jiki ma kada ki riƙa sha barkatai. Ko an sa ki a magani ko ba a sa ki ba, za a riƙa duba jininki lokaci-lokaci, kuma saboda tarihin kawunki ki nemi a riƙa yi miki hoton hanta duk wata shida. In sakamakon ranar Litinin ya fito ki rufe sunanki ki turo ta hannun admin mu duba tare.