Robin Hood: wane fim ne ya bi asalin labarin?

Garba_Kallo:
Salam jama'a. Na kalli Robin Hood na Kevin Costner, wanda ya fito a 1991, na bi shi da na Russell Crowe na 2010, sai na rasa gane ko labarin mutum ɗaya ake ba ni. A na farko ɗan sarauta ne da ya dawo daga yaƙi ya tarar an kashe mahaifinsa. A na biyu talakan maharbi ne da ya ari sunan mamaci, kuma sai da fim ya ƙare sannan ya shiga daji. To ina fashin da aka san Robin da shi, na ƙwace wa masu kuɗi a ba talakawa? Wanne ne na gaskiya, kuma wanne zan nema gaba?

Malam Tsoho:
Wa'alaikumus salam. Malam Garba, babu wanda ya bi asali, don asalin ma ba ɗaya ba ne. Waƙoƙin baka ne na Ingila, tun wajen 1377 an ambace su a rubuce. A tsofaffin waƙoƙin Robin ba ɗan sarauta ba ne, babu masoyiyarsa Marian, sarkin da ke ciki Edward ne, kuma ana yawan ajiye shi a Barnsdale ta yankin Yorkshire. Manyan limaman coci masu kuɗi yake tarewa. Rabon dukiya ga talakawa daga baya aka ƙara masa gishiri. Kyautar da aka fi sani a can ita ce rancen fam 400 da ya ba wani barde da bashi ya ci.

Anti Ladi:
Garba, rabu da tarihi, nemi na Errol Flynn na 1938. Akwai inda ya shigo fada ana tsakiyar walima, saɓe da barewar sarki a kafaɗa, ya bubbuge masu gadi da ita, ya dangwarar da ita a gaban Yarima John, ƙanen Sarki Richard, ya nemi kujera ya hau cin nama yana gaya musu magana yana dariya. Wannan shi ne Robin Hood a wurina, mutumin da ke jin daɗin raina azzalumai. Kiban ma na gaske ne. Wani gwanin maharbi, Howard Hill, shi ke ɗirka wa 'yan wasa kibiya, su kuwa sun saka ƙarfe da katako a ƙarƙashin riga. Ka lura da faɗan takobi na ƙarshe da Basil Rathbone, wanda ya fito a abokin gabarsa, yadda inuwarsu ke fafatawa a jikin bango.

Crowe fa? Fuska a murtuke daga farko har ƙarshe, kamar mai bin bashi. Na Costner kuma Alan Rickman ne ya ƙwace fim ɗin a matsayin Sherif, azzalumin hakimin Nottingham, har ya ci kyautar BAFTA ta fina-finan Birtaniya. Sannan Robin da abokinsa sun sauka a Dover, a kudu, za su Nottingham, sai ga su a katangar Hadrian, can arewa, sun wuce garin da nisan gaske. Wa ya nuna musu hanya oho.

Abu Hanif:
Anti, a yi wa na Crowe adalci. Sauran suna kawo Sarki Richard a ƙarshe kamar mai ceto, alhali a sarautarsa ta shekara goma, 1189 zuwa 1199, kusan wata shida kawai ya yi a Ingila. Shi ne ya sa aka karkashe dubban fursunoni Musulmi a Akka a 1191, lokacin yaƙinsa da Salahuddin. A fim ɗin 2010 Robin ya faɗa masa wannan ido da ido, aka saka Robin a turu. Haka kuma Azeem, Musulmin abokin Robin da Morgan Freeman ya fito a matsayinsa a fim ɗin Costner, ba ya cikin tsofaffin waƙoƙin. Kafin shi an yi irinsa, Nasir, a shirin talabijin na Robin Hood na 1984.

Anti Ladi:
Na yarda da wannan wurin, ɗan'uwa, amma minti biyar ne cikin fim na sama da awa biyu. Garba, in ka gama da Flynn ka nemi na 1976, Sean Connery da Audrey Hepburn, sun tsufa, gwiwa ta ƙi, Marian ta shige gidan ibada. Kada ka kalle shi da yara, su ka saka musu katun ɗin Disney na 1973.

Garba_Kallo:
Na gode ƙwarai. Na 2018 fa, mai Jamie Foxx? Na ga babu wanda ya taɓo shi.

Malam Tsoho:
Da gangan ne.