Lissafin mutanen nan na Littafin Ƙidaya, me zai amfane ni?

Sabon Mai Karatu:
Salama 'yan uwa. Na ɗau niyyar karanta Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa, to ina shiga Littafin Ƙidaya sai na maƙale, kabilar Ra'ubainu 46,500, Yahuza 74,600, haka haka har jimla 603,550, gaskiya barci ke ɗibana kuma abin na damuna tunda nasan maganar Allah ce. Ni ɗan Katolika mai fita aiki kullum, me zan tsinta a nan?

Tsohon Katekis:
Ɗana kar ka tsallake. Duba sura 1 da kyau, da sunayensu aka ƙirga su, gida gida, mutum mutum. Sannan Fitowa 30 ta ce duk wanda aka ƙirga zai ba da rabin shekel fansar ransa, mai kuɗi ba zai ƙara ba talaka ba zai rage ba. Na yi shekaru ina rubuta sunan jarirai a rajistar baftisma, wani littafin har takardar ta yi ja bakinta ya cinye, amma sunan ɗan mai hali da na ɗan marayan Allah layi ɗaya suke bi. Tun daga nan na daina raina wurin nan.

'Yar Kwaya:
Baba katekis ka faɗi gaskiya, amma ni wadda ta fi tsorata ni ita ce ƙidayar Sarki Dauda a 2 Sama'ila 24. Yowab shugaban sojansa ma sai da ya ja masa kunne bai ji ba, wata 9 da kwana 20 ana ƙirga mayaƙa, daga baya annoba ta ci mutum 70,000. Shi yana so ne ya jingina da yawan sojansa. Ni ma haka nake fa, da dare ina kwance ina ƙirga abin da ya rage a akawun da waɗanda suka gaishe ni, addu'a kuwa sai na yi barci a tsakiyar rosari. Wannan sai da na kai shi gaban Fada.

Baban Biyu:
Kar ku manta Luka 2 da ake karantawa a Misa ta daren Kirsimeti. Kaisar Augustus ya sa a rubuta kowa, shi ya fito da Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami da tsohon ciki, Yesu kansa a lokacin wannan lissafin aka haife shi.

Sabon Mai Karatu:
Na gode Baba, na gode duka. Yau zan koma sura 1 in karanta sunayen a hankali. Amma a sura 26 naga an sake ƙirgawa 601,730, kuma daga 'yan farko Kalibu da Joshuwa kaɗai suka rage, wannan fa Baba?